Ranar da Launi Ya Bar Zarnau

Tunau, Sarkin Karofin garin Zarnau, maci amana ne kuma maƙaryaci. Ya yi ɓarna da hannunsa da rana tsaka, ya ɗora wa bebe, ya koma gefe yana jira a kashe shi. Ga yadda abin ya faru.

A karofin Zarnau akwai rijiyoyin rini uku da babu irinsu a ko'ina: ɗaya ja, ɗaya rawaya, ɗaya shuɗi. Ba a jiƙa musu baba, ba a dafa musu karan dafi. Ruwansu daga ƙarƙashin dutsen bayan gari yake ɓuɓɓugowa da launinsa. Aljannun dutsen ne suka ba kakannin garin, bisa sharaɗi ɗaya. Kowace rijiya da sandarta ta juya rini, sandar wannan ba ta shiga waccan. Mai son kore ya ɗebi rawaya da shuɗi ya haɗa a ƙoƙo, can gefe. Mai son ruwan goro ya haɗa ja da rawaya. Amma uwayen nan uku, kada a bari su taɓa juna a mazauninsu.

Tunau ya san wannan sarai. Girman kai ne ya ci shi. Yana son launin da ido bai taɓa gani ba, a riƙa kiran launin da sunansa. Ya ce a ransa, in biyu sun ba da kyau, uku sai su ba da abin da ya fi. Ranar Juma'a da maza suka nufi masallaci, ya ce cikinsa ke ciwo. Ya ɗauki fartanyarsa ya haƙa lambatu tsakanin rijiyoyin. Ruwa uku suka haɗu, suka tafasa, suka koma taɓo mai wari. Ya yar da fartanyar, ya ruga gida ya kwanta.

A lokacin nan Tasalla mai saƙar faifai tana zaune a tsakar gidanta da jar kaba a hannu. Mace ce mai shekara arba'in da wani abu, wadda ta yi rabin rayuwarta tana rina kaba tana jera launi a faifai. Tana cikin saƙa sai jan ya dushe a tsakanin yatsunta. Ta murza ido. Ta dubi zakaranta, zankonsa ya koma launin taɓo. Ta ɗaga kai, sama ma haka. Ta yar da faifan ta nufi karofi a guje, don yayanta Nomau shi ne mai sharar wurin, kuma bebe ne tun haihuwa.

Ta tarar da shi tsakiyar jama'a, fartanya a hannu, taɓo har gwiwa. Shi ya fara dawowa daga masallaci, ya ga lambatun, ya ɗauki fartanyar yana ƙoƙarin toshewa. Yana ta nuna fartanyar yana ɗaga ta sama, mutane suka ɗauka amsa laifi yake yi.

Tunau ya iso yana dafe da ciki. Ya ce, "Ga shi da makamin ɓarnar a hannu. Me kuma kuke jira?"

Dagaci ya yanke hukunci irin na mai tsoro. Ya ce a ɗaure Nomau kwana bakwai. In launi bai dawo ba, a jefa shi cikin taɓon, wanda ya buɗe da shi za a toshe.

Gari ya shiga uku. Mahauta ba sa bambance ɗanyen nama da ruɓaɓɓe sai da hanci. Shanu suka ƙi kiwo. Maciji ya sari mutum biyu a ciyawa, don shi da ciyawar duk launi ɗaya. Wata mai jego ta wuni tana kuka, ta kasa gane ko idon jaririnta ya yi rawaya irin ta ciwon shawara.

Tasalla ta je zauren dagaci inda aka ɗaure yayanta. Ita kaɗai ke jin maganar hannunsa. Ya nuna fartanya, ya zagaya kansa da yatsa kamar naɗin rawani, ya kama cikinsa yana kwaikwayon ciwo. Ta gane.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, fartanyar Sarkin Karofi ce."

Dagaci ya ce, "Tasalla, bebe ya faɗa, ƙanwarsa ta fassara. Wannan ba shaida ba ce. Kawo abin da ido zai gani."

Ta ce, "Ai ido ne ba mu da shi yanzu. To, zan je in nemo."

Da safe ta ɗauki goruna uku, da ƙoƙo, da basillar ɗinkin faifai. Ta yi bisimilla ta shiga tsagar dutsen da ruwan ke fitowa. Ta yi rarrafe har gwiwoyinta suka sale. Can ta ɓullo a bakin wani fili fari fat kamar an shimfiɗa gishiri, ba itace, ba tudu, ba sawu. A bakin filin wani aljani yana tsaye, tsayinsa kamar giginya, da ido ɗaya a goshi, ja wur kamar garwashi. Duk da haka sai da ta ji daɗi, don shi ne launi na farko da ta gani tun ranar Juma'a.

Ta ce, "Salamu alaikum, ya kai mai tsaron wannan wuri."

Ya ce, "Wa alaikumus salam, ya ke 'yar Adam. Kin yi sallama, don haka kin tsira daga gare ni. Amma ba ki tsira daga filin nan ba. Me kike nema?"

"Launin garinmu, ranka ya daɗe."

"Ku kuka cuɗa shi, ba mu ba. Ki sani, hanyar da ta ratsa filin nan koriya ce, kuma babu kore a cikinsa. Wanda ya taka gefenta, gishirin ya haɗiye shi. Mutum goma sha ɗaya sun gwada kafin ke, dukansu maza, dukansu da takobi."

Tasalla ta dubi filin har idonta ya yi zafi, ba ta ga komai ba. Sai ta tuna wani abu na sana'arta. Ranar da ta wuni tana saƙa jar kaba, in ta ɗaga kai ta dubi farin zane a kan igiya, takan ga kore-kore yana yawo a kansa. Ja da kore abokan hamayya ne. Idon da ya ƙoshi da ɗaya, ɗayan yake nema. Shi ya sa in tana son ja ya yi ƙara a faifai, kore take jera masa a gefe.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka yi mini izini in kalli idonka."

Aljanin ya sunkuyo. Ya ce, "Shekara dubu ina nan, kowa kau da kai yake yi daga idon nan. Kalla."

Ta ƙura masa ido har hawaye suka zubo. Ta juya ga filin, sai ga hanya koriya shar, siririya kamar zare, tana lanƙwasa. Ta hau ta da sauri. Ba ta kai tsakiya ba hanyar ta fara dushewa, ta ɓace. Ta waiga, aljanin ya yi nisa, idonsa bai fi ƙwayar gero ba. Gishiri yana motsi a gefen ƙafarta. Ta tsaya cak. Ta zaro basilla ta soki babban yatsanta, ta tara jinin a tafin hannu, ta kalle shi har ya cika mata ido. Hanya ta dawo. Sau shida ta yi haka. Da ta taka ƙasa mai tauri, ta zauna ta yi hamdala tana tsotsar yatsu.

Gaba kaɗan ta shiga wata kasuwa da babu mutum ko ɗaya, sai tuluna, sun fi dubu, jere a rumfuna. Kowane tulu cike da launi, kuma kowanne yana da bakin magana.

Wani ya ce, "Ni nan, baiwar Allah! Ni ne ruwan goro, kowace amarya ni take so."

Wani ya ce, "Rabu da shi, mai surutu ne. Ni ne shunayya, sai manya."

Wani ya ce, "Manoma ne ku ko ba manoma ba? In kin bar kore me shanunku za su ci?"

A tsakiyar kasuwar wata tsohuwar aljana tana zaune, gashinta har ƙasa, kowane sili da launinsa. Ta ce, "Ya ke 'yar Adam, ni ce uwar tulunan nan. Goruna uku kika zo da su, uku za ki cika. Wanda kika ɗiba kin ɗiba, babu mayarwa. Abin da kika kai garinku, da shi za ku rayu har tashin duniya."

Tasalla ta san abin da take nema, ja da rawaya da shuɗi. Amma ga ja ya kai iri hamsin, shuɗi ya fi haka, kowanne yana rantsuwa shi ne na asali. Ta zaga rumfuna har ƙafarta ta gaji. Sai ta dawo ta durƙusa.

Ta ce, "Iya, tulunan nan suna ƙarya?"

Tsohuwar ta ce, "Suna yabon kai. Amma in an tambaye su asalinsu ba sa iya ɓoyewa."

Tasalla ta tashi ta riƙa bin su ɗaya-ɗaya tana cewa, "Wa ya haife ka?"

Kore ya ce, "Rawaya da shuɗi." Ruwan goro ya ce, "Ja da rawaya." Shunayya ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ja da shuɗi." Wani shuɗi mai haske kamar sararin hantsi ya ce, "Shuɗi ne da fari." Wani ja mai duhu ya ce, "Ja ne, sai ɗigon baƙi." Haka ta yi ta wucewa, kowa da iyayensa. Can ƙuryar kasuwa, a rumfar da ta fi kowacce tsufa, ta tarar da tuluna uku masu ƙura da ba su ce mata uffan ba tun shigarta.

Ta ce, "Ku fa, wa ya haife ku?"

Suka amsa tare, "Babu launin da ya haife mu. Wanda ya halicce ki Shi ya halicce mu."

Ta cika gorunanta, ta toshe kowacce da tsumma dabam.

Tsohuwar ta ce, "Kin bar kore yana kuka."

Tasalla ta ce, "Ya yi haƙuri, Iya. Na ɗauki iyayensa, zai tarar da mu a gida."

Tsohuwar ta yi dariya har gashinta ya kaɗa, ta nuna mata ƙofar fita.

Bayan ƙofar akwai rami mai faɗi, ba a ganin ƙasansa. An kafa ginshiƙai a cikinsa, kan wasu ja, kan wasu shuɗi, sai an yi tsalle daga wannan zuwa wancan. Ta ɗaure gorunan a ƙugu. Na farko ja ne, ga shi nan kusa kamar ta miƙa ƙafa. Ta yi ɗan tsalle, sai ƙafarta ta sauka a gefensa da kyar, ta faɗi da ƙirji tana rungume da dutse. Tsumman gorar rawaya ya fita. Kafin ta toshe da yatsa, rabi ya tsiyaye cikin ramin.

Ta kwanta a wurin tana haki tana zagin kanta. Ta ce, "Kai, Tasalla, shekara nawa kina saƙa?" Ai ta sani, ja da danginsa masu zafi tasowa suke yi su zo wa ido, shuɗi da danginsa masu sanyi ja da baya suke yi. A faifai ma jan zobe kamar ya fi tudu, shuɗin kamar ya lotsa, alhali duk shimfiɗa ɗaya ce. Daga nan in ta ga ja sai ta ƙara tsalle, in ta ga shuɗi sai ta rage. Ta haye.

A ɗaya gaɓar, wata hawainiya ta tare hanya, girmanta kamar rumbu, launi yana bin jikinta kamar ruwa. Ta juyo da ido ɗaya ta dubi Tasalla, ɗayan yana kallon baya.

Ta ce, "Ya ke mai goruna, ni ce sarauniyar wannan ƙasa, ni na ƙulla alkawari da kakanninku. Ba a fita da kayana sai an nuna an san shi. Ki fitar mini da launi shida daga ukun nan."

Tasalla ta dubi gorar rawaya, rabi kawai ya rage. Ta ɗauki basilla ta riƙa tsoma bakinta kawai, tana goge ta a zane kafin ta kai ta wata gora. A gefen ƙoƙo ta ɗiga ja, rawaya, shuɗi, nesa da juna. A tsakaninsu ta haɗa bibbiyu. Ga ruwan goro, ga kore, ga shunayya, shida sun zagaye ƙoƙon kamar zoben faifai, kowanne yana fuskantar abokin hamayyarsa.

Hawainiya ta ce, "Madalla. Yanzu ga kyautata. Ki juye gorunan uku a ƙoƙon nan gaba ɗaya, za ki ga launi na bakwai, wanda sarakuna za su zo ƙofarki su durƙusa dominsa. Da sunanki za a riƙa kiransa."

Tasalla ta ce, "Allah ya ja zamaninki, na bakwan nan na san shi. A cikinsa na baro garinmu." Ta ja bakin basilla ta haɗa ɗigon nan uku a tsakiyar ƙoƙo, suka koma ruwan ƙasa. "Ga shi. Ba na raina shi, da shi nake yi wa faifai baki. Amma a ƙoƙo ake yin sa, ba a uwa ba. Ni yayana na zo fansa, ba suna na zo nema ba."

Jikin hawainiya ya koma kore gaba ɗaya. Ta ce, "Da kin juye, da yanzu kin zama tulu a kasuwar can. Je ki. A toshe lambatun, a kwashe taɓon, kowace gora a rijiyarta. Kowane abu zai karɓi launinsa."

"Shaida fa, ranki ya daɗe? An ce in kawo abin da ido zai gani."

"Mu ba ma kai ƙarar kowa. Amma launi ya san hannun da ya cuɗa shi."

Ta kauce. Tasalla ta bi wata tsaga, ta fito a bayan karofi. Ita a lissafinta wuni ɗaya ta yi. Sai ta ga gari duka a tsaye a bakin taɓo, an kawo Nomau da igiya a hannu. Ashe kwana na bakwai ne.

Ta yi ihu, "Ku tsaya! Ranka ya daɗe, ku tsaya!"

Tunau ya ce, "Ga ta nan, daga wurin aljannu. Dama na faɗa, gidansu ba na ƙalau ba ne. A haɗa su biyun."

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce, "Sarkin Karofi, wai me kake sauri? Ko cikin ne ya tashi?"

Dagaci ya dubi gorunan. Ya ce a gwada. Marina suka tuɓe riguna, suka toshe lambatun da yumɓu, suka yi ta kwasar taɓo da ƙwarya har azahar. Tasalla ta yi bisimilla ta juye ja. Rijiyar ta yi gurnani ta cika. Ja ya bi gari kamar wutar daji, ya hau zankon zakaru, ya hau barkonon da aka shanya a soro, ya hau bakin wani dattijo mai cin goro, wanda jama'a suka zuba wa ido har ya ji kunya ya rufe baki. Ta juye shuɗi, sama ta buɗe. Mutane suka ɗaga kai suna kabbara.

Saura rawaya, rabin gora. Ta girgiza ta, ta juye, ta jira. Shiru. Ganyayen bishiyoyi duk sun yi shuɗi, babu kore ko ɗaya. Ta sa yatsa ta lakato abin da ya rage a wuyan gorar ta yarfa. Sai ƙasan rijiyar ya motsa, ruwa ya taso a hankali kamar mai jin nauyi, har ya kai baki. Rawaya ta fita ta tarar da shuɗi a kan ganye, duk itacen garin ya yi kore shar lokaci ɗaya. Shanu suka tsinke igiya suka nufi fadama. Mai jegon nan ta buɗe idon jaririnta, ta ga fari tas, ta zauna a ƙasa tana dariya tana kuka.

Tasalla ba ta kalli ko ɗaya ba. Ta tafi wurin yayanta ta kwance igiyar da kanta. Ta ce, "Yaya, ka rame." Ya taɓa yatsunta masu huji, ya girgiza kai, sannan ya miƙa hannu yana nuni.

Jama'a suka juya. Kowa ya sami launinsa, baƙi ya koma baƙinsa, fari farinsa. Mutum ɗaya ne a tsakiyarsu yana nan kamar an gina shi da taɓo, daga rawani har takalmi, har farin idonsa. Mutane suka dare masa.

Tunau ya ce, "Me kuke kallo? Ai bai dawo ba. Ina launin? Ni ban ga komai ba."

Dagaci ya ce, "Mu mun gani, Tunau." Ya juya wurin Nomau, ya cire hularsa a gaban jama'a, ya ce wa Tasalla, "Ki faɗa masa da hannu, na zalunce shi, ina neman gafara." Nomau ya ɗaga kafaɗa, ya nuna cikinsa. Tasalla ta ce, "Ya ce ya yafe, amma a ba shi tuwo tukuna."

Aka ba Nomau riƙon karofi, ya sassaƙa sababbin sanduna uku, ya rataye kowacce nesa da 'yar'uwarta. Rijiyar rawaya ba ta ƙara cika da sauri kamar da ba, sai a yi haƙuri da ita, kuma ba wanda ya yi gunaguni.

Tunau kuwa an tuɓe masa rawani a ranar, aka hana shi taka karofi. Ya yi shekara goma sha tara bayan haka bai ƙara ganin ja ko rawaya ko shuɗi ba. Duk rigar da ya sa, kafin la'asar ta koma taɓo. Da ya mutu aka naɗe shi da farin likkafani, kafin a kai maƙabarta shi ma ya koma.